Allon Ranar Litinin

Malam Kamilu yana da hanyarsa ta koyarwa, kuma duk uwar da ke da ɗa a 'yar makarantar ƙauyen nan da ke gaba da Mandera ta san ta. Ran Litinin da safe zai iso daga Shagari a kan babur, ya ɗauki alli ya raba baƙin allo gida biyar. Gidan farko lissafi, na biyu Turanci, na uku kimiyya, na huɗu zamantakewa, na ƙarshe Hausa da addini. Ya cika su da rubutu tsaf, ya ja kunnen yara kada wanda ya goge. Shi ke nan aikin mako ya hau allo. Kullum yara su kwafi gida ɗaya, shi ya karanta da ƙarfi su amsa da ƙarfi sau uku ko huɗu, sannan ya wuce wajen manyan yara, don daga shi sai hedimasta a makarantar. Ran Juma'a a tara littattafai ya bi su da jan biro.

Rukayya ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma ba wanda zai kira ta jahila. Izu ashirin ta yi a makarantar allo kafin ta yi aure, kuma ta san yadda karatu ke shiga kan yaro: a biya masa, ya maimaita, ya haddace, sannan a wanke allo a yi ƙari. Saboda haka tun da aka sa 'yarta ta fari, Ramla, a makaranta, ta ɗauki abin da gaske. Ranar da ta fara ganin yarinyar ta riƙe fensir tana juya shi ba ta san inda za ta ɗora ba, sai ta kama hannunta ta kai shi gefen dama na takardar.

"Daga nan aka hwarawa," in ji ta. "Yi bisimilla."

Kullum bayan la'asar za ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta goya ƙanwar Ramla, ta sa Ramla ta biya abin da aka yi musu ranar. Abin da yarinya ta faɗa yau, uwar ta riƙe shi a ka, gobe in ta kauce ta gyara mata. Ran Asabar a yi tilawar makon gaba ɗaya, daga lissafi har addini. Cikin shekara biyu Rukayya ta haddace sassan jiki da Turanci, da sunayen launuka, da biyu sau biyu har zuwa biyu sau goma sha biyu, ba tare da ta san ko ɗaya a rubuce ba. Littattafan Ramla kuwa suka cika, shafi bayan shafi, kowanne da jan makinsa.

Wannan jan makin shi ne makamin Rukayya a gida. Mijinta Haliru manomin albasa ne, ba mai faɗa ba, amma uwarsa Inna Halima gwiwa ta fara ba ta wahala, kuma duk lokacin aikin fadama sai ta tayar da maganar Ramla.

"Ɗiyan mutane na can suna kama ma iyaye aiki, taku na zamne tana waƙar Nasara."

Sai Rukayya ta shiga ɗaki ta ɗauko littafi ta buɗe a gaban Haliru. Shi ma iyakacin bokonsa lambobin waya ne, amma ya san ja ba a banza ake sa shi ba. Ya duba, ya gyaɗa kai, magana ta mutu sai wata shekara.

A bana, da aka dawo daga hutu Ramla za ta shiga aji uku, sai yayar Rukayya, Safinatu, da ke aure a Bodinga ta aiko da magana. Akwai makaranta a unguwarsu, kowane aji da malaminsa. A kawo Ramla ta zauna a wajenta, za a ɗan gwada ta a ba ta wuri.

Haliru ya kwana biyu yana nazari, sannan ya yanke. "In sun karɓe ta, ta tahi, ban hana ba. In ba su karɓe ta ba, kin san dashe ya zo, kuma Inna ba ta da mai kama mata. Ba ni ƙara ja da ita bisa wagga magana."

"Na yarda, Maigida," in ji Rukayya, tun bai rufe baki ba. Ko a mafarki ba ta ga abin da zai sa a ƙi Ramla ba.

Ran Alhamis suka hau motar haya daga Shagari. Rukayya ta ɗaure littattafan nan goma sha ɗaya a cikin tsohon zane, ta rungume su har Bodinga. Da Safinatu ta ga ƙunshin sai ta kwashe da dariya.

"Ke, makaranta za mu ko kotu?"

"Bari dai, Yaya. Su gani da idonsu."

Malamar da ke gwada sababbin yara sunanta Malama Nusaiba, wata siririya mai tabarau, tana zaune a baranda da tebur a gabanta. Ta dubi yarinyar ta dubi uwar.

"Mi sunanta?"

Rukayya ta sunkuyar da kai. Safinatu ta amsa, "Ɗiyar hwari ta, Malama, ko yanka ta za a yi ba ta hwaɗi. Ramla."

Malama ta yi murmushi, ta zaro littafi ɗaya daga ƙunshin ta buɗe. Ta daɗe tana juya shafuka. "Masha Allah. Hannu kamar na babba." Ta tsaya a wani shafi mai zanen akuya da dutse. "To, Ramla, karanta man nan."

Ramla ta dubi akuyar, ta haɗa hannuwa a ƙirji, ta ɗaga murya. "Libin tins. Got, kau, tiri, man. Non libin tins. Siton, ceya, buk." Ba gargada, ba tsayawa. Leɓunan Rukayya suna motsi tare da nata a ƙarƙashin hijabi.

"Madalla. To wanga hwa?" Malama ta ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar shafin.

Ramla ta rufe ido ta koma farko. "Libin tins. Got, kau..."

"A'a, ɗiyata. Wanga kaɗai da yatsana ke bisa."

Yarinyar ta dubi yatsan, ta dubi uwarta.

Malama ta ɗauki farar takarda ta rubuta harufa uku manya-manya, ta tambaye ta sunan kowanne. Shiru. Ta rubuta wasu uku. Shiru. Sannan ta rubuta layi ɗaya ta miƙa mata fensir ta ce ta kwafa. Nan fuskar Ramla ta saki, don an zo wurin da ta iya. Ta yi bisimilla a hankali, ta kai fensir gefen dama, ta zana harafin ƙarshe, sannan na kusa da shi, tana tafiya hagu har ta kai na farko. Da ta gama, layin ya fito daidai da na Malama, har ya fi shi kyau.

Malama ta cire tabarau. "Wa ya nuna mata hwarawa daga can?"

"Ni ta," in ji Rukayya. Ta faɗa da sauran alfahari a muryarta, amma kafin ta rufe baki ya gudu.

"Boko daga hagu aka hwara shi, 'yar'uwa. Amma wannan mai sauƙi na, rana guda a gyara. Abin da nika son ki gane, zane taka yi, ba rubutu ba. Haddarta na da kyau ƙwarai, wallahi ban ga mai irinta ba bana. Amma ba ta san harahi ko guda ba. In na sa ta aji ukku na cuce ta."

"To a sa ta aji ɗaya," in ji Safinatu da sauri. "Mun yarda."

Sai Malama ta tashi ta yafito su zuwa wata taga. Yara ne zaune a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa, tun daga gindin allo har bakin ƙofa, wasu ma a kan dokin ƙofar. "Ɗari da talatin da biyu. An ruhe rajista tun makon jiya. Sai baɗi, in kun zo da wuri."

Baɗi Ramla za ta shekara tara.

A hanyar tasha Safinatu ta riƙa ba da shawara. "Ki ce mai sun ce a dawo bayan wata guda. Kahin nan dashe ya wuce."

"In ya wuce hwa, Yaya? In koma in ce mishi mi?"

"Ke dai kin cika gaskiyar tsiya. Tun muna ƙanana haka kike."

Rukayya ta gyara riƙon ƙunshin littattafan ta ci gaba da tafiya. Abin da ke cin ranta shi ne ranakun Asabar ɗin nan. Sau nawa ta hana yarinyar zuwa wasa, sau biyu ma har da tsumagiya, a kan ta tsallake kalma ɗaya a tilawar kimiyya.

Ta ce wa Haliru ya ba ta zuwa Litinin kafin su yi magana, ya ba ta. Ran Litinin ta raka Ramla makaranta da kanta, ta tsaya a bakin taga. Malam Kamilu yana tsakiyar cika allo. Da ya gan ta ya fito yana kakkaɓe alli daga hannu, suka gaisa.

"Malam, ka san ɗiyar nan ba ta iya karatu ba?"

Ta zaci zai musa, ko ya ji haushi. Sai ya ce, "Na sani."

"Ka sani, kana sa mata ja?"

"Jan na cewa ta kwahe daidai. Kuma ta kwahe daidai." Ya goge goshi da bayan hannu. "Maman Ramla, cikin waɗanga duka da kika gani, ko goma ba su iya ba. Haruhwa makon hwarko zuwa na ukku anka rubuta su, na aji ɗaya. In ban manta ba ita lokacin tana kwance da masassara. Yanzu muna mako na huɗu. Masu dubawa in sunka zo, takardarsu suka buɗewa su ga ko allona ya yi daidai da makon da aka ciki. Ba su taɓa tada yaro sun ce ya karanta ba."

"To ka maida ta aji ɗaya. Ni ban jin kunya."

Ya matsa daga jikin tagar don ta gani sosai. "Na gaba aji ɗaya na. Na tsakiya aji biyu. Na baya aji ukku. Ko ina ta zamna, allon guda na."

Rukayya ta dubi allon. Gida uku sun cika, biyu suna jira. A can baya Ramla ta riga ta buɗe littafi.

"Ko kwatar awa guda ka riƙa nuna mata, Malam. In an tashi."

"In an tashi ina da ajin yamma a Shagari. Ki samu wanda ya iya nan cikin gari ya nuna mata."

Ta bi gidajen unguwar ɗaya bayan ɗaya a ranta. Duk wanda ya iya ya tafi, wasu Sakkwato, wasu kudu. Ta yi masa godiya, don ba ta san abin da za ta yi masa ba in ba godiya ba.

Ta tarar da Haliru a zaure yana ɗaure tiyon injin ban-ruwa da roba. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, har da maganar gefen dama, ba ta rage ba. Bai yi dariya ba, bai ce ai dama Inna ta faɗa ba. Ya ci gaba da naɗa robar.

"Ba laihinki ba na," in ji shi. "Abin da kinka sani kinka ba ta." Ya ja robar ya ƙulle. "Gobe ta bi Inna."

"A bar mata ko kwana biyu cikin mako, Maigida."

"Ta yi mi cikinsu?"

Ba da gatse ya tambaya ba. Ya ɗago kai yana jira, kuma ta san in ta kawo dalili zai saurara. Ta nema ta nema. Ta tashi ta shiga gida.

Washegari Ramla ta bi kakarta fadama ɗauke da kwandon irin albasa, tana tsalle, don ita a wajenta hutu ne. Da hantsi maƙwabciyarsu Jummai ta yi sallama. An sa 'yarta Khadijatu a makaranta bana, ba a ɗinka mata yunifom ba tukuna, kuma ta ji labari.

"Na ce tun da ta Ramla na ajje, ko a ara muna."

Rukayya ta ɗauko rigar da hijabin, ta ninke ta ba ta.

"Allah shi saka. Sai kuma in la'asar ta yi in riƙa turo miki ita, ki biya mata. Duk unguwa an san ba mai hannunki."

"Kada ki turo ta."

Jummai ta tsaya da kayan a hannu. "To. Don taki ta bari, ta wani ma kada ta samu ke nan?"

Rukayya ta buɗe baki za ta yi bayani, ta ga bayanin ya fi ƙarfinta, kuma ko ta yi, ba ta da wani wurin da za ta ce a kai Khadijatu. Jummai ta ja tsaki ta fita da yunifom ɗin.

Rana ta fara zafi. Rukayya ta gyara goyo ta hura wuta, ta auna gero na masu fadama, ta ƙara rabin kwano a kan na kullum, tunda yau har da Ramla a cikinsu.