Ranar da Ustad Basharat Ya Yi wa Shiru Kiɗa

Sai da na yi ta sintiri gidan Ustad Basharat kafin ya yarda ya sauko da sarangi, gogen nan nasa mai tsirkiya barkatai, daga saman kabad. Tun da aka daina gayyatarsa wasa ya rantse sayar da ita zai yi. Ɗiyata Nuzhat, mai koyarwa a firamaren unguwarmu a Multan, ita ta nace sai yara sun ji kiɗan manya da kunnensu.

A hanyarmu ta zuwa makarantar ya ce, "In ba su saurara ba, gobe tana kasuwa."

"Wa zai saya, tsoho? Ko wutar shayi ba za ta hura ba."

Nuzhat, don gudun abin kunya, ta riga ta ja wa yaran kunne: ko tari kada ta ji.

Ya fara ja a hankali, kamar mai lallashin jariri. Yara suka zauna kamar an dasa su. Ni kuwa zama ya gagare ni. Na je taga, na dawo, na kwance rawani, na sake naɗawa. Na daɗe ina tuƙa makaɗa zuwa bukukuwa, na san halinsu. In makaɗi ya kai gaɓa mai daɗi, ya ɗaga ido bai ji an yaba masa da "wah" ba, an sallame shi ke nan. Tawa kuma ba ta da amfani, ya san ni na kawo shi.

Ya ɗaga ido. Tsit. Ya sake ɗagawa. Tsit. Sai ya sauke hannu, ya jawo jakar sarangi.

"Na gode," in ji shi. "Yau na yi wa maƙabarta wasa."

Wata yarinya, Gulnaz, ta ɗaga hannu. "Malama, yanzu an yarda mu yi magana? Wurin nan da ya yi kamar kakata tana kiran awaki, don Allah ya maimaita."

"Awaki?" Ustad ya zaro ido. "Ni?"

Nuzhat ta dube ni. "Abba, ya zan yi?"

"Ki sake musu baki kawai."

Ya maimaita. Ajin ya ɓarke da "wah", har inda babu dalili.

A hanyar gida ya rungume sarangi yana mita. "Ba su ma san inda ake faɗa ba. Dole in dawo ranar Alhamis in gyara musu kunne."