Faifan da Baba Ya Rataye a Gonar Gero

Faifai ɗari shida da 'yan kai na tarar a cikin buhunan taki biyu, a ƙarƙashin gadon Baba. Mahaifina, Malam Bunu, ya yi shekara goma sha biyar yana ba da hayar finafinai a wani ɗan shago a bakin kasuwar Zakirai. Da wayoyi suka zo suka kashe sana'ar, ya rufe shagon ya koma gonarsa ta gero. Faya-fayan kuwa bai zubar ba. Baba ba ya zubar da komai, har murfin tukunyar da ta fashe yana nan ajiye.

Ni Yagana, kwamfuta nake koyarwa a wata makarantar 'yammata a cikin Kano. Da aka yi dogon hutun damina, na buga wa Baba waya na ce ina tafe, ya fito mini da faya-fayan. Washegari na iso da tsohuwar kwamfuta da ƙaramar na'urar karanta faifai. Na faɗa wa mutanen gida cewa zan kwashe finafinan kaf in zuba a kwamfutar, ta zama rumbun gida. Duk mai waya sai ya haɗa da ita ya zaɓi abin da yake so, ko data ba zai ƙona ba.

Gaskiya na faɗa, amma ba ita kenan ba. Faifai ɗaya nake nema.

Inna Kaltum, mahaifiyarmu, shekara huɗu kenan da rasuwarta. Mace ce da ba ta yarda da hoto ba ko kaɗan. In ka ɗaga waya, ta ja mayafi ta juya maka baya. Hotonta ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe, shi ma ta ɗaure fuska kamar an yi mata laifi. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukar ta a bidiyo, ranar sunan Humaira, 'yar yayana Fa'izu, lokacin da Nababa mai ɗaukar bukukuwa ya kutsa cikin gida da kyamararsa. Fa'izu ya ce mini faifan fari ne fat, ba rubutu ba hoto, kuma cikin kayan shago Baba ya jefa shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, na wayi gari wata rana na kasa tuno muryarta. Na san abubuwan da take faɗa, amma sautin ya ɓace mini.

Ban faɗa wa Baba ba. A gidanmu 'ya ba ta zama gaban uba ta yi masa zancen matarsa. Shi kansa tun da aka kai ta bai sake kiran sunanta ba, sai dai ya ce "mai ɗakin can".

Ranar farko na zazzage buhunan a tabarma. Ko fari ɗaya babu. Kowane faifai da hoton fim a bayansa, ko kuma lamba da jan alƙalami. Haka Baba yake aikinsa a shago: kwalaye a rataye a waje, faya-fayai a ciki da lambobi, kuma ma'anar lambobin tana kansa shi kaɗai. Yanzu ka tambaye shi mene ne ɗari biyu da bakwai, ya ce maka wataƙila na Indiya ne, wataƙila wa'azi. Sai na ce a raina, to shi ma wanda nake nema lamba ya buga masa. Ba makawa sai na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Aiki ne mai cin rai. In saka faifai, na'urar ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe, in jira minti ashirin, in rubuta sunan fim, in ajiye shi a gurbinsa: na Hausa nan, na Indiya nan, wa'azi da karatu nan. Wanda ya karce sai na wanke da ruwan sabulu, in goge da tsohon ɗankwali daga tsakiya zuwa baki. Wutar sola ce, daga hantsi zuwa la'asar, in hadari ya haɗo kuma aiki ya tsaya. Masu lamba na fara bi. Matar Fa'izu, Aina'u, tun kwana na uku ta haɗa wayarta, tana tankaɗe tana kallo, tana aiko mini da saƙon in nemo mata na biyun wani fim. Na ce mata ni ba shagon haya na buɗe ba.

Kwana tara ina wannan. Na gama masu lamba ɗari da arba'in, babu Inna.

A rana ta tara Baba bai dawo cin abincin rana ba. Gero ya fara ido, tsuntsayen jan-baki sun sauka a yankin, kowa yana gonarsa yana kora. Raina a jagule yake, sai na ce wa Aina'u ta ba ni kwanon in kai masa, ko na sha iska.

Tun daga kan burtali na hango gonarmu tana walƙiya. Da na matso, sai ga igiyoyi an ja daga wannan kara zuwa wancan, faya-fayai na lilo a jiki, iska na juya su. Kowanne fari fat, ciki da baya.

Na ajiye kwanon a ƙasa. "Baba, waɗannan daga ina?"

"Daga buhu," in ji shi, yana wanke hannu. "Ranar da kika yi waya na tsince su, don kada su ɓata miki lokaci. Ba lamba, ba hoto, ba na haya ba ne. Kuma su suka fi kyau da tsuntsu, don ta ko'ina haske suke yi. Masu hoton nan gefe ɗaya ne kawai."

Ya faɗa yana jin daɗin dabararsa. Ni kuwa na san abin da rana take yi wa irin wannan faifan da aka buga a shago. Kwana goma kenan suna shan rana, ruwan sama ya sauka sau uku.

"Baba, na sunan Humaira yana ciki."

Ya dube ni bai gane ba.

"Wanda Nababa ya ɗauka. Inna tana ciki."

Hannunsa ya tsaya a cikin ruwan. Ya ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Haushin kaina ya ishe ni har na ji kamar in mari kaina. Tambaya ɗaya ce da na yi a ranar farko, da an sauke shi bayan wuni ɗaya a rana. Kunya ta ci mini kwana tara.

Bai ci abincin ba. Ya ciro wuƙarsa ya bi igiyoyin yana yankewa, ni ina tarawa a mayafina. Talatin da takwas ne. Muna barin gonar tsuntsayen suka sauka a bayanmu, ko waiwaye bai yi ba.

Na wanke su duka na shanya a inuwa. Da yawansu na'urar ko motsi ba ta yi da su ba, ta yi gurnani ta tofo su. Wasu suka buɗe, tsofaffin wa'azozi ne da bikin wasu mutane da ban sani ba. Baba, wanda bai taɓa leƙo ɗakin da nake aiki ba, ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa yana jan carbi.

Washegari da hantsi na saka na ashirin da shida. Sai ga ƙofar gidanmu, da tsohon fentinta, da rago a ɗaure. Ban tsaya kallo ba, na danna kwafa nan take. Layin da ke nuna kwafar ya fara tafiya a hankali, ya kai kashi ashirin, ya kai talatin da ɗaya, ya tsaya. Na sake wankewa, na sake sakawa, har sau biyar. A nan yake tsayawa. Cikin minti arba'in da biyar na bidiyon, sha huɗu muka samu.

Na ce, "Baba, shigo."

Minti goma sha uku na maza ne. Malamai a tabarma, ana raba goro, Baba da baƙin gemu yana dariya, hoton yana tsinkewa yana dawowa. Sai Nababa ya bi ta zaure ya shiga cikin gida. Ga mata, ga hayaƙi, ga wata ta sunkuya a kan tukunyar shinkafa ta ba mu baya, da atamfa shuɗiya. Ta ɗago, ta fara juyowa.

"Kai Nababa, kauce mini da abin nan. Je ka ɗauki Malam, shi ke son a gan shi."

Hoton ya daskare a nan, rabin kuncinta da kunne ɗaya. Fuskar ba ta ƙarasa juyowa ba.

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Muryar ta fi yadda nake zato kauri, da 'yar dariya a ƙarshenta.

Baba ya ce, "Sake."

Na sake. Ya ce in ƙara, na ƙara. A karo na huɗu ya sa gefen rawaninsa ya goge ido.

"Kaltum kenan," in ji shi. "Ko a nan ma ba ta yarda ba."

Na ajiye shi a wuri uku a kwamfutar, na tura wa Fa'izu, na zuba a wayata. Da na zo rubuta masa suna, Baba ya ce kada in sa lamba, in rubuta sunanta cikakke. Sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce in zuba masa, in nuna masa inda ake dannawa.

Geron bana rabinsa tsuntsaye suka ci. Aina'u ta ce ga faya-fayan da aka gama kwashewa nan tuli, a mayar gona. Baba ya ce a'a. Ya ɗauki gwangwani da tsakuwa ya tafi kora da kansa, wayar tana aljihun gaban rigarsa.