Dutsen Desislava a Hannun Kaka

Desislava ta sauko daga motar kawunta tana 'yar waƙa, ta zo ɗaukar dutsenta. Ba ƙaramar wuya ta sha a kansa ba. Fasassun tayil da ɓaraguzan marmara ta tsinto a juji, ta niƙa, ta kwaɓa da danƙo, ta bari ya daskare ya zama saman tebur fari mai santsi. Da shi za ta shiga gasar ɗalibai gobe a birnin Plovdiv, inda ake neman gwanin mai da shara kayan ɗaki. Ɗakinta na makaranta kamar akurki yake, shi ya sa ta kai shi ajiya ƙauye wurin kakarta.

Tun daga ƙofa ƙamshin tattasai ya buge ta, lokacin dafa lutenitsa ne, miyar tattasai da tumatir. Tana leƙa tsakar gida waƙar ta maƙale.

Ga dutsen an ɗora shi kan ganga biyu, ya yi ja jawur. Ɓawon tattasai tuli guda, ruwan tumatir na ɗiga, ga tukunya da aka sauke daga wuta zaune daram a tsakiya.

"Wayyo Kaka, kin kashe ni!"

Kaka Stoyanka ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na kashe ki, kina tsaye kina ihu? Ba ke kika ce tebur ne ba?"

"Tebur ne na nuna wa alƙalan gasa!"

"Su alƙalan ba sa cin abinci?"

Hankalin Desislava ya tashi. Ita da ko kofin shayi ba ta taɓa yarda ta ɗora a kai ba, don tsoron tabo! In jan nan ya shige ciki, shi ke nan, ba ta da wani, kuma sabo ba zai bushe kafin gobe ba. Ta ɗauke tukunyar, ta kwara ruwa, ta sa soso tana goge-goge tana share hawaye da kafaɗa.

Jan ya bi ruwa. Ta sake kwarawa, ta durƙusa ta ƙura wa inda tukunyar ta zauna ido, ta shafa da tafin hannu. Fari tas, ko ɗigo babu!

Sai ta zube kan ciyawa tana dariya, wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Ashe abin nata ya yi, ita ce ba ta sani ba.

"Kin gama kukan?" in ji Kaka. "Tun shekaranjiya nake aiki a kansa, bai ce uffan ba."

Da ita da kawunta suka naɗe shi da bargo, suka cicciɓa zuwa mota. Kaka ta biyo su, ta cusa mata kwalbar miya mai ɗumi.

"Ki ci gasar ko ki faɗi, wannan ruwanki ne. Ni dai a dawo min da teburina, ban gama tumatir ba."