Bishiyar da Karimu ya dasa

Shekara goma sha ɗaya Karimu yana tuƙa bas a Manchester, kuma duk tsawon lokacin abu ɗaya matarsa Salimatu ta san ya taɓa saya wa kansa don marmari: 'yar bishiyar maple ta Japan. A bayan gidansu na unguwar Levenshulme ya dasa ta. Ba ta 'ya'ya, inuwarta ko kyanwa ba ta isa ba. Amma in Oktoba ta kama sai ganyenta ya yi ja wur kamar garwashi, Karimu ya fito da kujera da kofin shayi ya zauna yana kallo.

"Kai dai da kishin abin da ba a ci," Salimatu takan tsokane shi.

A watan Yuli zuciyarsa ta tsaya, yana ɗaura takalmi zai fita aiki. Ya bar Salimatu da 'yarsu Khairat.

Mahaifiyarta, Inna Nana A'isha, ta taso daga Kumasi ta zauna da ita takaba. Da aka fita takaba a Disamba, Salimatu ta tafi Birmingham kai wa Abdulsalami, ƙanen mijin, kayan ɗan'uwansa. Kwana biyu ta yi.

Ta dawo ta tarar da Inna a bakin ƙofa, fuska a sake, rabon da ta ga haka tun zuwanta.

"Zo ki ga aikin da na yi miki."

Bayan gida fes. An share, an kafce ƙasa. Inda bishiyar take sai rami, rassan kuma an ɗaure su dami biyu a jikin katanga.

"Busasshen itacen nan na cire miki, har saiwa. Kullum ina ganinki ta taga kina kallonsa kina hawaye. Celestina maƙwabciya ta ara mini zarto. In zafi ya zo sai ki shuka alayyahu."

Tsohuwar ba ta taɓa ganin bishiyar da ke zubar da ganye kakaf don sanyi ba. Tafin hannunta duk ya yi kanta, babban yatsa ɗaure da tsumma.

Salimatu ta so ta ce sannu da aiki ta yi shiru. Bakinta ya ƙi.

"Inna, da ranta. Barci take yi. Baban Khairat ne ya dasa ta."

Inna ta dubi ramin, ta dubi hannunta. Ta zauna a kan wani dakali mai sanyi ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Wayyo ni. Me ya sa ban tambaya ba?"

Salimatu ce ta koma lallashi, tana cewa ba komai.

Da Abdulsalami ya ji, ya ce akwai irinta a wani lambu kusa da su, zai kawo ranar Asabar. Ta yi masa godiya, ta ce ya bari.

Inna ta koma Kumasi a Janairu. Har yau in sun yi waya, kafin ta ajiye sai ta ce, "Salimatu, kin dai yafe mini ko?"