Lorin da Ya Bi Alƙibla

Duk ƙauyen ya tashi, saura Malam Jibo. Shekarar da aka ƙara wa madatsar ruwan Rusairis tsayi ce. Gwamnati ta ce kogi zai cinye gonaki da gidaje, ta gina wa mutane sabon gari mai lambobi a jikin ƙofofi. Barakatu, matar Jibo, har ta haddace labarin gida mai lamba ɗari biyu da sha huɗu: famfo a tsakar gida, da ƙwan lantarki da ake kunnawa da ɗan yatsa ɗaya. Shekara arba'in tana jidar ruwan kogi a ka. Tun da aka faɗa mata, ko tuwo take tuƙawa sai ta ji ƙafarta na neman yin rawa.

Amma Jibo ya kafe. Mahaifinsa, Malam Sa'idu, ya baro Sakkwato a ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a nan, ya ce bari ya noma damina ɗaya. Damina ɗayar nan ce ta yi ta miƙewa har ta kai shi kabari. Kafin ya cika ya damƙa wa Jibo sandar tafiyarsa, ya sa shi ya yi alkawarin ba zai bar wurin ba sai in gaba zai yi, wajen Makka. Shi ya sa Jibo bai taɓa yarda an rufa masa ɗaki da kwano ba, wai su baƙi ne, gobe-gobe za su wuce. Turawa sun tafi, sojoji sun hau sun sauka, bara ma kudancin ƙasar ya ɓalle ya zama ƙasa mai cin gashin kanta, shi yana nan a zango, wai hutawa yake.

Ranar lorin ƙarshe, Abdussalami direba ya zo ya durƙusa.

"Baba, yalla, mu tahi, wanga shi na na ƙarshe. Hukuma ta ce jibi ruwa na nan."

"Shi zo," in ji Jibo. "Ni ba hukuma niy yi ma alkawari ba."

Barakatu ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Ba za ta iya barin tsohon nan ga ruwa ba, famfon kuma yana can yana jiranta. Haushi ya ishe ta, ta shimfiɗa tabarma ta ta da azahar. Tana sallamewa ta ɗaga ido, sai ga lorin maƙwabtansu da ya riga ya tashi, ya miƙe sak a saitin goshin tabarmarta, yana ƙanƙancewa. Ta dubi tabarmar, ta dubi lorin. Sai dariya ta kufce mata, har carbi ya faɗi.

"Malam! Zo ka tsaya nan. Ina kake duba in za ka yi salla?"

"Yau kuma ke za ki gwada min alƙibla?"

"To ina lorin can ya nuhwa?"

Jibo ya tsaya a kan tabarmar, ya rufe ido ɗaya, ya miƙa hannu kamar magini na auna bango. Ya kira direba ya tambaye shi ko hanyar na lanƙwasa. Abdussalami, da ya ga idon da Barakatu ta yi masa, ya rantse ba wata lanƙwasa ta a-zo-a-gani, kilomita ashirin ce cur.

"Ashirin," Jibo ya maimaita. "Ashe hukuma raka mu za ta yi!"

Daga nan ba wanda ya iya riƙe shi. Mutumin da ke kukan gwiwa kullum, shi ne ya taka turmi ya zaro sandar daga cikin jinka. Ya yi wanka, ya sa fararen kaya, ya dinga yi wa Barakatu faɗa wai tana ɓata wa ayari lokaci. Ita kuwa tana cusa tukwane a buhu tana guɗa, har awaki suka tsorata. Matan da ke kan lorin suka amsa guɗar, wata ta kifa ƙwarya ta hau kaɗawa.

"Ya Hajji Jibo," in ji wata tsohuwa, "in kowace shekara tamanin ana yin kilomita ashirin, yaushe za a isa?"

"Jikoki na da ƙahwa," ya ce, aka kwashe da dariya.

Da lori ya zo daidai maƙabarta, Jibo ya buga rufin da sanda, direba ya tsaya. Kiɗan ƙwarya ya mutu. Barakatu ta bi shi da ido har gindin aduwar da aka binne Malam Sa'idu, inda jibi kifi zai yi yawo. Tausayinsa ya kama ta, ta ji kunyar wayon da ta yi masa.

Bai daɗe ba. Ya tsuguna ya dafa ƙasar, ya yi addu'a, sannan ya ce da ƙarfi yadda kowa ya ji, "Baba, hutun ya isa. Mun tashi."

Ya dawo ya hau, ya zauna kusa da ita, sandar a kan cinyarsa. Sai da lori ya yi nisa ya sunkuyo, bai dube ta ba.

"Na san masurar ruwa, famfon nan, kika so, ke wagga. Amma kin kyauta."