Ƙwan Tocila a Ɗakin Baba Malam

"A'a," in ji Baba Malam, ya bugi tiren da hannun hagu har batiran suka gangara ƙarƙashin gado.

Na durƙusa ina lalubensu, raina a ɓace. Tun bayan la'asar nake zaune gabansa da ƙwan tocila da batir da guntayen waya, ƙwan ya ƙi kamawa. Ni bayaloji na karanta. Malamin fiziks ɗinmu ne ya samu wani aiki ya tafi, shugaban makaranta ya kira ni ya ce, "Ai duk kimiyya ce, Malama." Haka aka ɗora mini darasin lantarki, ba ɗakin gwaji, ba kayan aiki.

Baba Malam maƙwabcinmu ne, katanga ce kawai tsakaninmu. Fiziks ya koyar har ya yi ritaya. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ciwon ya tafi da rabin maganarsa. Ilimin yana nan a kansa, bakin ne ba ya ba shi haɗin kai.

"Riga," ya ce, yana nuna wayar. "Riga. Cire."

"Wace riga kuma, Baba?"

Ya runtse ido, ya ja tsaki. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ta shigo da kofin shayi.

"'Yar nan, ki bari ya sa wani abu a cikinsa mana. Tun ɗazu ba abin da ya kalla sai wayoyin nan naku."

Ya kore ta da hannu. Ya fizgi wayar, ya kai bakinsa, ya kankare ta da haƙori, ya miƙo mini. Sai a nan na gane. Daga cikin tsohuwar fanka na warware wayar, tana ƙyalli kamar tagulla zalla, ashe akwai wani siririn fenti a jikinta da wuta ba ta ratsawa. Na sa reza na kankare bakunan, na haɗa. Ƙwan ya kama. Bai yi murmushi ba, sai huci yake kamar wanda ya sauke buhu.

Washegari ya sa na tsaga fensir na ciro baƙin abin rubutun da ke cikinsa. Na danna waya ɗaya a wannan ƙarshen, ina jan ɗayar a hankali zuwa wancan. Duk nisan da na ƙara, hasken sai ya daɗa dishewa.

"Hanya," ya ce. "Tsawo. Wahala."

"Turjiya ke nan? Baƙin fensir yana barin wuta ta wuce, amma da ƙyar?"

Ya gyaɗa kai.

"To, Baba, wutar da ta fito daga batir, a cikin ƙwan take ƙarewa, ko zagayowa take ta koma?"

Idanunsa suka kawo haske, ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Takalmi." Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta tashi. "Takalmi." Ya daki cinyarsa, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Ya juya fuska bango.

"Gobe," ya ce.

Da safe ina ɗaura ɗankwali na ji mota a ƙofarsu. Numfashinsa ne ya sarƙe, babban ɗansa ya zo aka wuce da shi asibiti.

Na shiga aji da tirena. Yara suka yi cincirindo, kowa na son ya taɓa. Ƙwan ya kama, ya dishe, suka yi ta shewa. Can wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu.

"Malama, wutar a cikin ƙwan take ƙarewa?"

Na karanto mata abin da ke littafi: zagayawa take, ƙarfinta ne ke komawa haske da zafi. Ta dube ni, na dube ta. Ni ma da na faɗa ban gamsu ba. Aka buga ƙararrawa.

Duk hanya ina jera yadda zan tambaye shi ta hanyar da ba sai ya yi magana ba, ya gyaɗa kai kawai ko ya girgiza. Ina shigowa layinmu na hangi tabarmi a ƙofarsu, ga takalma birjik.

Tsofaffin ɗalibansa sun yi ta zuwa gaisuwa. Ina cikin gidansu ina jiyo wani yana cewa, "Allah ya jiƙan Malam. In ya yi maka bayani, ko ba ka so sai ka gane." Na ciji leɓe, na ci gaba da wanke kofuna.

Da mutane suka ragu, Inna ta jawo mini wani kwali na kayan gwajin Baba Malam daga saman kabad. "Ki ɗauka, ke zai yi wa amfani." Ta tsaya tana tonawa, sai ta zaro ƙaramin cokali, an nannaɗe mariƙinsa da jar waya.

"Ashe nan yake, Malam ne ya ɗauka yana gwaje-gwajensa da shi. Har 'yan aikina na zarga a kan cokalin nan."

Ta zauna a bakin gadon, ta kama bakin wayar ta fara warwarewa. Da ta kai rabi sai ta tsaya, ta riƙe shi haka a cinyarta.