Kujerar Ketawo a Rumfar Makoki

Akwai wani hali da na tsana, wato ka karɓi abu daga jikin mutane, ranar kukansu kuma a neme ka a rasa. Wannan hali ne ya kayar da Ketawo, ɗan ƙanwata, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Shi ne yaron da ya fara zuwa jami'a daga kwarinmu, can cikin duwatsun da ke saman garin Goroka. Ya dawo da farar riga da akwatin ƙanƙara, ya ce yana binciken abin da ke cikin nonon uwa da ke kare jariri daga ciwon huhu. Zai ɗebi dakashi ranar haihuwa, ya ɗiga jini daga dunduniyar jariri, sannan ya riƙa bin waɗannan yara har a yaye su. In ya rasa su a tsakiya, aikin ya tashi a banza, digirinsa na dakta ya tafi.

Mu ba ma ba baƙo jininmu. Amma shi namu ne, sai mata suka yarda. Har tsokanarsa suke yi.

"Ga ɓarawon nono nan ya iso! Kai Ketawo, wanda uwarka ta ba ka bai ishe ka ba?"

"Ku dai ku cika kwalba, iyayena," in ji shi, yana dariya.

Wata mai suna Oripa ta fi kowa sakin jiki da shi, har ta sa wa ɗanta sunansa. A wurinmu wannan ba wasa ba ne. Takwaranka ɗanka ne, in ya mutu kai ke zama gaban gawa, ka shafa laka a fuska, ba ka tashi sai an rufe shi.

Yaron bai kai ga rarrafe ba ciwon huhu ya ɗauke shi. Aka kafa rumfa, aka ajiye wa Ketawo kujera. Na shiga mota na same shi a gari yana ɗaure jaka.

"Ina zuwa?"

"Ostareliya, Kawu. Taron manyan masana ne, ni zan yi jawabi. Irin wannan dama ba ta dawowa."

"Gawar ita ce za ta dawo? Takwaranka na kwance!"

"Kawu, ko na zauna ba zai tashi ba. Aikin nan ai domin irinsa nake yi. Zan aika musu da kaya."

"Kai suke jira, mai farar riga, ba kayanka ba."

Ya hau jirgi. Direban da ya aika ya kawo buhun shinkafa da kwalin nama, 'yan'uwan Oripa suka mayar da su cikin motar. Aka rufe yaron kujerar na nan wayam, kowa na kallonta. Daga nan magana ta fara yawo cewa mutumin da ya ɗebi jinin yaro ya ƙi zuwa ganin gawarsa, lalle ya san abin da ya yi da jinin. Ni na san ƙarya ce, na faɗa, ba wanda ya saurare ni.

Da ya dawo ya hauro kwarinmu da akwatinsa, ba mai tsokana. Mata suka goya 'ya'yansu suka shige gonakin dankali. Oripa kaɗai ta tsaya.

"An tafa maka a can?"

"Yaya, ki yi haƙuri..."

"Nonona bai ƙafe ba, har yanzu yana zuba. Ko ka zo ɗiba ne?"

Ya juya da akwatinsa ya koma gari.

Ga abin da ya rasa. Matan da suka ba shi amana duk sun janye, har na ƙauyukan da ba su san Oripa ba. Kwalaben da ya tara suna can cikin firji ba amfani, domin babu yaran da za a gwada su da su. Digirin bai samu ba, gurbin koyarwar da aka yi masa alkawari aka ba wani. Uwarsa ta daina zuwa kasuwa saboda kunya. Yanzu yana Mosbi, babban birni, yana auna jinin masu zazzaɓi a wani ɗan asibiti, bai ƙara kwana a kwarinmu ba.